Ganyen tumatir ɗina na ta rawaya tun da sanyi ya tsananta, yunwa ce ko cuta?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka san harkar tumatir ku taimaka min. Yau kwana 16 ke nan da na yi dashe, gindi 34. Guda 22 suna ƙasa, sauran 12 a bokitai na sa su don filin bai ishe ni ba. Duk a waje suke, babu rumfa babu komai. Satin farko lafiya ƙalau, har sun miƙe sun fara sabon toho. To tun da sanyin nan ya tsananta kwana biyar da suka wuce sai ganyen ƙasa suka fara rawaya. Wasu kuma in na juya bayansu sai in ga sun yi wani launi kamar shunayya, har da karan. Girma kam ya tsaya cak. Safe da yamma nake ba su ruwa, ban taɓa fashi ba, kuma na sa ruɓaɓɓen takin dabbobi tun kafin dashe. Raina ya ɓaci sosai, don tun daga iri na rene su da hannuna.

Garba Mai Lambu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Yunwa ce, babu wani abu. Duk ganyen da ya fara rawaya daga ƙasa sinadarin naitirojin yake nema, wato abincin tsiro da ke cikin taki. Ki samo takin yuriya, cokali ɗaya kowane gindi, ki ɗan nisanta shi da karan, ki bi da ruwa. Kafin sati za ki ga sun yi shar.

Ummu Salma:
Ni dai tsorona kada a ce cutar nan ce ta farin ƙuda. Bara ita ta cinye min nawa kaf. Ki girgiza ɗaya ki gani ko wasu ƙananan fararen ƙwari za su tashi.

Malam Haruna:
Hajiya, don Allah ki ajiye yuriyar nan tukuna, kada ki sa komai yau. Ina da tambayoyi, amsarsu ce za ta raba mana gardama. Rawayar a ganyen ƙasa kaɗai take, ko har ta kai sabon tohon sama? Ganyen gaba ɗaya ne ya koɗe, ko jijiyoyinsa suna nan kore tsakaninsu ne ya yi rawaya? Akwai ɗigo-ɗigo baƙi ko ruwan ƙasa a jiki? Na bokiti da na ƙasa, wanne ya fi jin jiki? Sannan ki tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu kafin ki ba su ruwa, ki faɗa mana abin da kika ji.

Maman Hanifa:
Malam na je na duba yanzu. Na ƙasa ne kawai, kamar ganye biyu ko uku a kowane gindi, kuma gaba ɗayan ganyen ne ya koɗe. Na sama kore ne amma ba shi da ƙarfin launi, ya ɗan ƙanƙance. Babu ɗigo ko ɗaya. Ummu Salma na girgiza da yawa ban ga komai ya tashi ba. Na bokiti sun fi lalacewa nesa ba kusa ba, sai kuma guda shida na ƙarshen fili inda ƙasar ta ɗan yi kwari. Ƙasar kuwa da na sa yatsa sanyi ƙarara, kuma a jiƙe take har tana manne min a hannu. Abin da ya sa nake ƙara ruwan, da safe nakan tarar sun yi yaushi kamar masu ƙishi.

Malam Haruna:
Madalla, wannan maganar taki ta ƙarshe ita ce bakin zaren. Tsiro a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa amma yana yaushi da safe ba ƙishirwa yake ji ba, saiwarsa ce ta kasa aiki.

Tumatir ɗan ɗumi ne. Ya fi jin daɗi in rana tana tsakanin digiri 21 zuwa 27 a ma'aunin Selsiyas, dare kuma kamar 15 zuwa 20. Da zarar ya sauka ƙasa da 10 girma ya tsaya, in ya daɗe a haka jikin ganyen ma yakan samu illa ko da ruwa bai daskare ba. Amma abin da mutane suka fi mantawa shi ne ƙasar. Mu iska muke ji a jikinmu, in rana ta fito muka cire rigar sanyi sai mu ɗauka shi ke nan. Ita kuwa ƙasa, musamman jiƙaƙƙiya, tana riƙe sanyin dare har rana ta take. In zafinta bai kai wajen digiri 15 ba, saiwar tumatir ba ta iya jan ruwa da abinci yadda ya kamata. To rana ta fito, ganye ya fara fitar da ruwa, saiwa ta kasa mayar masa, sai ki ga yaushi. Ke kuma cikin tausayi sai ki ƙara ruwa, ƙasar ta ƙara sanyi, iskar da saiwa ke shaƙa ta ƙare a cikinta. Haka abin yake ta zagayawa.

Launin shunayyar nan kuma sananne ne. Fosforas ne, wani sinadarin abincin tsiro, bai isa ganye ba, kuma a cikin sanyi shi ne na farko da saiwa ke kasa ɗauka, don ba ya tafiya a cikin ƙasa, sai saiwa ta girma ta je ta same shi. Saiwar da ta daina girma ba za ta kai gare shi ba ko da yana nan jibge.

Garba Mai Lambu:
Malam, da girmanka, amma ai kai ma ka yarda abinci ne bai isa ganyen ba. To mene ne laifin a ƙara masa? Shekara goma sha ina wannan sana'a, ban taɓa ganin ganye ya yi rawaya daga ƙasa an ba shi yuriya bai farfaɗo ba.

Malam Haruna:
Malam Garba, alamar da ka karanta daidai ce, ban musa maka ba. Naitirojin yana cikin sinadaran da tsiro ke iya kwashewa daga tsohon ganye ya kai wa sabo, shi ya sa in ya yi ƙaranci na ƙasa ke fara rawaya. Inda muka rabu shi ne dalilin ƙarancin. Wani lokaci babu shi ne a ƙasar, a nan maganinka shi ne magani. Wani lokaci kuma yana nan, bakin da zai ci ne ya rufe. Hajiya ta sa taki kwana 16 da suka wuce, tsiron ƙanana ne, yaushe suka cinye shi?

Kuma yuriya ba a yadda take tsiro ya fi amfana da ita ba. Kashi 46 cikin ɗari nata naitirojin ne, amma sai ta fara komawa amoniyam, sannan wasu ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa su juya shi zuwa naitiret, wanda tumatir ya fi so. Waɗannan ƙwayoyin su ma sanyi yana kwantar da su, aikinsu yakan ja baya ƙwarai in ƙasa ta sauka ƙasa da digiri 10. Sai amoniyam ya taru a gindin ƙaramin tsiro mai raunin saiwa, kuma tumatir ba ya jure yawansa. A bokiti abin ya fi muni don babu inda zai gudu.

Sadiq A.:
Wannan ya faru da ni, ba labari aka ba ni ba. Shekara biyu da suka wuce na yi dashe gindi 50, sanyi ya sauko, suka yi rawaya kamar yadda Anti ta kwatanta. Na bi su da taki, bayan kwana huɗu ban ga canji ba na sake ƙarawa. Gefen ganyen ya fara ƙonewa, da na tuge ɗaya na tarar saiwar ta yi ruwan ƙasa ta yi laushi. Goma sha ɗaya ne suka rayu. Wani layi da takin bai kai gare shi ba saboda ya ƙare min, shi ne ya tashi lafiya da ɗumi ya dawo. Har yau in na tuna abin yana min ciwo.

Garba Mai Lambu:
To ai kai yawa ka yi masa Sadiq. Ni cokali ɗaya na ce.

Baba Ɗanlami:
Garba ɗana, bari in tambaye ka. Lokutan da ka sa yuriya suka farfaɗo a cikin sati, ka taɓa barin layi ɗaya ba ka sa masa ba don ka gwada? Don sanyi mai tsanani ba ya cika wuce 'yan kwanaki a jere. Kana sa taki, kwana biyar ɗumi ya dawo, tsiro ya miƙe, sai taki ya karɓi yabo. Ni na tsufa a cikin lambu kuma na daɗe ina yi wa taki wannan godiyar kafin in gane ba duka nasa ba ne.

'Yata Maman Hanifa, ki lura da abin da kika faɗa da bakinki. Na bokiti da na kwari su suka fi jin jiki. In yunwa ce me ya sa za ta zaɓi kwari? Ai kwari ya fi tudu dausayi. Iska mai sanyi nauyi gare ta, da dare gangarowa take kamar ruwa ta kwanta a inda ya fi ƙasa. Bokiti kuma sanyi ta ko'ina yake shigarsa, ta gefe, ta ƙasa, ta sama, ba kamar tsiron da ke cikin ƙasa ba wanda ɗumin da ta tara da rana ke tashi ya rufa masa asiri.

Garba Mai Lambu:
Gaskiya Baba ban taɓa barin layi ba. Amma zan gwada bana in Allah ya yarda, don ni har yanzu zuciyata ba ta gama yarda ba.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai Baba, Allah ya ƙara girma. To yanzu me zan yi? In daina ruwan gaba ɗaya?

Baba Ɗanlami:
Ki daina na yamma daga yau. Na safe ma sai kin sa yatsa kin ji saman ya sha iska. In za ki ba su, ki bari sai hantsi, kuma da ruwan da ya ɗan sha rana, ba wanda ya kwana a waje ba. A gindi za ki zuba, kada ya taɓa ganye. Bokitan nan ki duba ƙasansu, in ramukan ba su isa ba ki ƙara, sannan ki jera su a jikin bangon da rana ta fi duka, ki haɗa su wuri ɗaya su matsu. Bango yana shan zafi da rana ya yi ta sakinsa da dare. Na ƙasa kuma ki kafa 'yan sanduna ki yafa musu tsohon zani ko buhu kafin magariba, da safe in rana ta fito ki yaye.

Yaya Talatu:
Baba ni kuma na ji an ce ƙasa mai danshi ta fi busasshiya riƙe ɗumi, har ma wasu kan yi ban ruwa in suna tsoron dare mai tsananin sanyi. Wannan bai ci karo da cewa ta rage ruwa ba?

Malam Haruna:
Abin da kika ji gaskiya ne Yaya Talatu. Ƙasa mai danshi tana tara zafin rana fiye da wadda ta bushe ƙurmus, kuma tana sakinsa da dare. Shi ya sa ba a ce ta bar su su bushe ba. Amma danshi daban, jiƙewa daban. In kika dunƙule ƙasa a hannu ta haɗu, kika taɓa ta da yatsa ta wargaje, wannan danshi ne. In tana manne wa hannu tana ƙyalli, ruwa ya cike gurbin iska. Kuma masu yin wancan ban ruwan da rana suke yi don ƙasar ta samu lokacin ɗaukar zafi, ba da almuru ba. Ita Hajiya sau biyu a rana take zubawa a lokacin da tsiron ba ya sha, rana kuma ba ta busarwa. A irin wannan yanayin ne ƙwayar cutar da ake kira Pythium ke samun shiga ta ruɓar da saiwa, kuma ina zaton ita ce ta gama da na Sadiq bayan taki ya ƙone su.

Abu Khalid:
Leda fa? Ina da farar leda babba, ina ganin ta fi zani tare iska.

Baba Ɗanlami:
Leda tana yi, amma da sharaɗi biyu. Kada ta taɓa ganye, don duk inda ta taɓa nan sanyi zai ci. Kuma kada ka makara wajen yaye ta. Awa ɗaya ta rana a ƙarƙashin rufaffiyar leda ta isa ta dafa maka tsiro. Ni na fi natsuwa da zani don yana numfashi. Kowanne ka ɗauka, ka sauke shi har ƙasa ka danne gefen da dutse, don ɗumin ƙasar kake son tarewa. Wanda ya ɗaure wa tsiro buhu a wuya kamar hula ya bar ƙasar a buɗe bai yi komai ba. Daren da ya fi haɗari kuwa shi ne wanda sama ta yi tas, taurari suka fito, iska ta kwanta. In akwai gajimare shi kansa bargo ne.

Ummu Salma:
Ni fa har yanzu hankalina bai kwanta da maganar cuta ba. Nawa ma da rawaya suka fara, kowa ya ce min sanyi ne, na zauna jira har ta gama da lambun. Yaya mutum zai bambance tun da wuri?

Malam Haruna:
Tsoronki yana kan hanya Ummu Salma, kuma bai kamata a ɗora wa sanyi komai ba. Cutar da farin ƙuda ke yaɗawa daga sama take bayyana. Sabon ganye ne ke fitowa ƙanana, gefensa ya yi rawaya ya naɗe sama kamar cokali, tsiron ya dunƙule ya ƙi tsawo. Ba ta da magani, sai tugewa da yaƙar ƙudan, kuma alamarta takan ɗauki sati biyu zuwa uku bayan cizon kafin ta fito, shi ya sa wani tun daga wurin reno yake ɗauko ta bai sani ba. Na Hajiya daga ƙasa ya faro, ganyen kuma bai naɗe ba.

Sauran cututtukan da ke farawa daga ƙasa kusan duk suna barin shaida. Akwai mai yin tabo ruwan ƙasa da zobe-zobe a ciki kamar an zana, rawaya ta kewaye shi, ita ce ta Alternaria. Akwai mai ƙananan ɗigo masu tsakiya toka-toka, ta Septoria. Ita kuwa Fusarium sau da yawa gefe ɗaya na tsiron take fara rawaya, wani lokaci ma rabin ganye ɗaya, in ka tsaga karan ka ga cikinsa ya yi ruwan ƙasa. Amma ita ƙasa mai zafi take so, wajen digiri 28, ba wannan ne lokacinta ba. Wadda nake so kowa ya sa wa ido a sanyi mai raɓa ita ce Phytophthora infestans, wadda ta halaka gonakin dankalin Turawa a ƙasar Ailan daga 1845. Ba ta tsayawa yin rawaya, tabo take yi babba mai duhu kamar an zuba tafasasshen ruwa, da farin fumfuna a bayan ganye da safe, kuma cikin kwanaki kaɗan take share fili. Wannan ma wani dalili ne na yaye rufi da wuri don ganye ya bushe.

Sadiq A.:
Malam gishirin Epsom fa? Ko'ina ka duba sai ka ga ana cewa a fesa wa tumatir in ya yi rawaya.

Malam Haruna:
Maganisiyam ne a cikinsa, kuma yana aiki in shi ne ya yi ƙaranci. Alamarsa daban ce: tsohon ganye zai yi rawaya a tsakanin jijiyoyi, su jijiyoyin suna nan kore shar. An fi ganinsa a babban tsiro da ya ɗauki 'ya'ya. In haka ne, giram 10 zuwa 20 a lita ɗaya ta ruwa, a fesa. Hajiya ta ce nata gaba ɗaya ya koɗe, don haka ba shi ba ne. In kuwa irin wannan zanen ya fito a sabon ganyen sama, to ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, shi ma sanyi da jiƙewar ƙasa suna hana ɗaukarsa.

Yaya Talatu:
Ni toka nake barbaɗawa a gindi.

Malam Haruna:
Kaɗan ba laifi Yaya, akwai fotashiyam a cikinta. Sai dai babu naitirojin, kuma tana rage tsamin ƙasa. Tumatir ya fi son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan, tsakanin 6.0 da 6.8 a ma'aunin pH. In toka ta yi yawa ta haura da shi, ƙarfen nan da fosforas sai su ƙara ɗaurewa. A halin da Hajiya ke ciki ba zan ƙara komai a ƙasar ba.

Abu Khalid:
Wani abu na ɗaure min kai. An ce asalin tumatir daga yankin tsaunukan Andis ne a Amurka ta Kudu, wajen Peru da Ekwado. Tsauni kuwa ai sanyi gare shi. Me ya sa ya zama rago haka?

Malam Haruna:
Danginsa na daji suna da yawa, kowanne da inda yake fitowa. Akwai mai suna Solanum habrochaites da ake samu har sama da mita 3,000, shi kam yana jure sanyi, masu bincike ma suna amfani da shi wajen neman wannan juriyar. Amma wanda muke shukawa ta wurare masu ɗumi ya biyo, a Meziko aka gama mayar da shi amfanin gona, bai gaji wannan halin ba.

Nafisa U.:
Sannunku. Ni tambayata kan ciyawa ce. Na karanta cewa a rufe gindi da busasshiyar ciyawa don ta kare saiwa daga sanyi, na yi wa nawa jiya. Na yi daidai?

Baba Ɗanlami:
A'a 'yata, ki janye ta tukuna. Ciyawa ba ta kawo ɗumi, abin da ta tarar shi take tsarewa. In kika rufe ƙasa mai sanyi kin hana rana taɓa ta, sai ta zauna da sanyinta. Ki bari sai ƙasa ta ɗumama tsiro ya kama, a lokacin tana da amfani babba wajen riƙe danshi da hana ƙasa fantsama kan ganye. Mai son ɗumama ƙasa baƙar leda yake shimfiɗawa. Kuma kada wanda ya cuɗa garin katako a cikin ƙasar, wannan shi ke kawo yunwar gaske irin wadda Garba ke faɗa, don wajen ruɓewarsa yake janye naitirojin.

Maman Hanifa:
Na mayar da bokitan jikin bango, biyar a ciki ashe ramukansu sun toshe, da na huda sai ga ruwa na tsiyaya. Na kuma rufe na ƙasa da tsofaffin zannuwa. Ganyen da suka yi rawayar in cire su ne? Kuma za su sake komawa kore?

Malam Haruna:
Wanda ya yi rawaya sosai ba zai dawo ba, kada ki zauna kallonsa ki ce aikin bai yi ba. Sabon tohon sama za ki riƙa dubawa. Kada ki yi gaggawar cirewa kuma, tsiron yana kwashe abin da ya rage a cikinsu. Wanda ya bushe ko yake kwance a kan ƙasa ki cire shi da rana, lokacin da ganye ba raɓa. Tambaya ɗaya ta rage min: kafin dashe a ina kika rene su?

Maman Hanifa:
A baranda, inda iska ba ta shiga sosai. Daga nan kai tsaye na kai su fili.

Malam Haruna:
To wannan ma ya taimaka. Nan gaba ki ba su kwana 7 zuwa 10 kina fitar da su kaɗan-kaɗan, yau awa biyu a inuwa, gobe ki ƙara, har su kwana a waje, kina ɗan rage ruwa. Tsiron da aka saba masa haka yakan yi kauri ya jure abin da zai kayar da ɗan gata.

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum, na dawo da labari bayan kwana tara. Ruwa sau uku kacal na ba su a tsakanin nan. Dare huɗu na ƙarshe sanyin ya sassauta. Na ƙasa duk sun yi sabon toho kore sosai, shunayyar nan babu ita a sabbin ganye ko kaɗan. Na kwarin su ne a baya amma suna motsi. A bokiti na rasa biyu, da na zazzage su saiwar ta yi baƙi tana wari, cikin masu toshewar ramin nan ne. Sauran goma suna nan, sai dai uku har yanzu launinsu fari-fari ne duk da suna girma. Ban sa taki ko ƙwaya ɗaya ba.

Garba Mai Lambu:
Alhamdulillah Hajiya, na taya ki murna. Na karɓi maganar Baba da Malam a kan na ƙasa. Amma ukun nan na bokiti da ke girma ba launi, yanzu kam ai lokacina ya zo ko?

Malam Haruna:
Ya zo Malam Garba. Saiwa ta farka, kuma ruwan da aka yi ta zubawa a baya ya wanke naitirojin ɗin bokitin. Sai dai cokali ɗaya a gindi ya yi wa bokiti yawa. Hajiya ki narka ƙaramin cokali ɗaya na yuriya a ruwa lita biyar ki raba wa ukun, a kan ƙasa mai danshi, da hantsi. Ki jira sati ki ga sabon ganye kafin ki sake.

Maman Hanifa:
To zan yi haka gobe in sha Allah. Wani abu kuma, guda huɗu na ƙasa sun fito da fure alhali tsawonsu bai wuce taƙi ɗaya da rabi ba. In bar shi?

Baba Ɗanlami:
Ki tsinke shi 'yata, na san da wuya. Tsiron da ya sha wahala yakan yi saurin fure kafin ya gina jikinsa, in ya ɗauki ɗa yanzu a nan zai tsaya. Kuma furen da ya buɗe dare yana ƙasa da digiri 13 yawanci zubewa yake, wanda ya kama kuma ɗan yakan fito a murɗe da tabo a gindi. Ki bar furen da zai fito karo na biyu. Zannuwan kuma kada ki naɗe su ki adana, ki ajiye su kusa, ki riƙa duba sama kowace magariba har nan da sati biyu.